Kazar gida: tarihin irin da ba ya da tasha sai tsakar gida



Ƙasarmu Nijar ta daɗe da sanin darajar irin dabba. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, an gina mata cibiya tata a Maraɗi tun 1963, don a riƙa zaɓen bunsurai masu kyau ana raba wa makiyaya. Saniyar Azawak tana da tasharta a Tukunus, kusa da Filinge, tun 1954. Amma akwai dabbar da ta fi su shiga gidajen talakawa, ba a taɓa gina mata tashar tsare iri ba: kazar gida, wadda wasu ke kira kazar Hausa. Ƙidayar noma da kiwo da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta samu tsuntsayen gida kusan miliyan 12 a ƙasar nan. Fiye da rabinsu kajin gida ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma zabi. Yau tarihin wannan kaza za mu bi, don akwai abin da ke faruwa da ita cikin gidajenmu wanda ya kamata mu farga da shi tun da sauran lokaci.

Da farko, kaza baƙuwa ce a Afirka. Zabo shi ne ɗan gida, a dajinmu aka same shi, kakanninmu suka kama shi suka saba da shi. Ita kaza asalinta wata tsuntsuwar daji ce mai jan gashi da ke rayuwa cikin kurmin kudu maso gabashin Asiya har gobe. Ƙasusuwan kazar gida mafi tsufa da masana suka amince da su an tono su a wani wuri da ake kira Ban Non Wat, a ƙasar Tailan, shekarunsu sun haura 3,000. Daga can fatake da matuƙa jiragen ruwa suka yi ta tafiya da ita sannu a hankali. A arewacin Habasha, a wani tsohon kufai mai suna Mezber, an samu ƙashin kaza na wajen shekara 800 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Isowarta yankinmu na Afirka ta Yamma ya zo daga baya. Gano lokacin ya ba masu tone-tone wahala, domin ƙashin kaza ya yi kama da na zabo da na fakara, sai gwani ke rarrabe su. Duk da haka, a Kirikongo da ke bakin kogin Muhun a Burkina Faso, da kuma Jenne-Jeno kusa da birnin Jenne a Mali, an tabbatar da ƙasusuwan kaji na tsakiyar shekaru dubu na farko na miladiyya. Ke nan kaza ta yi wajen shekara 1,500 tana tono a wannan yanki. Lokacin da matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ratsa ƙasar Mali a 1352, kafin ya biyo ta Gawo da Takadda a 1353, ya ba da labarin cewa in matafiyi ya sauka ƙauye, mata ne ke fitowa su sayar masa da hatsi da nono da kaji. Ku lura da wannan: shekara kusan 700 da suka wuce, kaza tana hannun mata. Har yau nan take.

Mene ne shekara 1,500 suka yi wa wannan tsuntsuwa ta kurmi? Sun tace ta. Zafin bazara ya kashe waɗanda ba su jure zafi. Shaho da shirwa da muzuru da tunku sun kwashe masu nauyin jiki da marasa wayo. Annobar hunturu ta share masu rauni. Shekarun yunwa, da babu ko tsaki da za a watsa musu, sun bar waɗanda suka iya neman gara da ƙwari da 'ya'yan ciyawa da kansu. Bayan wannan tacewa ta Ubangiji, sai zaɓen iyayenmu mata: kazar da ta iya kwanci ta fito da ɗiyanta, ta tsare su har suka girma, ita ake bari, wadda ke fasa ƙwai ko ta gudu ta bar su, ita ake yanka wa baƙo. Babu takarda, babu rajista, amma wannan shi ne ainihin aikin da ake yi a tashar Tukunus, sai dai a nan cikin dubban gidaje aka yi shi, uwa na koya wa ɗiya.

Shi ya sa kazar gida ba kala ɗaya ba ce, kuma harshenmu ya ajiye sunayen. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu. Akwai mai tukku. Akwai mai murɗaɗɗen gashi da ya juya baya kamar iska ta busa shi, wadda wasu ke kira shazumama. Akwai mai wuya tsirara. Akwai wake-wake mai ɗigon fari da baƙi. Can wajen Gaya akwai kolonto, doguwa mai girman jiki fiye da sauran. Kajin rugar Fulani ma sun yi suna wajen girma. A zamanin da, masu bori da masu tsafin gargajiya sukan nemi kaza mai launi takamaimai, jan zakara ko farar kaza ko baƙa, wannan ma ya sa aka riƙa ajiye launuka daban-daban a ƙauye ɗaya. Abin da kakanninmu suka gani da ido, kimiyya ta zo ta bayyana dalilinsa. Mai wuya tsirara, alal misali, gashin jikinta gaba ɗaya bai kai na sauran yawa ba, don haka zafi ya fi saurin fita daga jikinta. Mai murɗaɗɗen gashi ma haka, iska na ratsa ta. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce.

Mu duba abin da wannan kaza ke yi, ba ƙari ba ragi. Sagara kan fara ƙwai tana da wata 6 ko fiye. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta tsaya, ta kwanta a kansu kwana 21, ta yi wata biyu ko fiye tana yawo da ɗiyanta, sannan ta sake. Sau uku ko huɗu a shekara, jimilla ƙwai 40 zuwa 60. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. In aka ajiye ta gefen kazar gidan gona mai ƙwai kusan 300 a shekara, sai a ce ba ta da amfani. To amma lissafin bai cika ba sai an sa abin da aka kashe. Ita ba a saya mata buhun abinci, ba a kunna mata wuta, ba a neman injin ƙyanƙyasa. Ita ce injin, ita ce uwar. Kuma ba ɗiyanta kaɗai ba: duk mai kiwon zabi a Tasawa ko Matamaye ko Madawa ya san zabuwa ba a dogara da ita wajen kwanci a gida, ƙwanta ƙarƙashin kaza ake sa shi da damina, ta yi kwana 26 zuwa 28 a kai. Ranar da kazar gida ta daina kwanci, kiwon zabin ƙauye ma ya shiga uku.

Ga kuma matsayinta cikin tattalin gida. Kaza ita ce asusun mace. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kama zakara a kai kasuwa a sayo magani. Kuɗin lakwal, sabulu, gudunmawar biki, tarbar baƙo, duk daga akurki suke fitowa. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san gidaje da yawa da suka rasa shanu da tumaki, suka sake hawa daga ƙasa: kaji su sayi akuya, awaki su sayi karsana.

Yanzu mu zo kan yadda aka fara ƙoƙarin canza ta. Wannan labari ya fara ne nesa da mu, a Amurka. A ƙarshen ƙarni na 19 manoman can suka haɗa wata jar kaza mai ƙwai da nama da aka sa wa sunan jihar Rod Ailan. Ita ce Turawan mulkin mallaka da masanan kiwo na bayan 'yancin kai suka fi ɗauko wa ƙasashenmu. Aka buɗe tashoshin kaji na gwamnati, irin na Maraɗi da Mirya da Gudel a Yamai. A ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma aka yi shirin da ake kira operasiyon kok, wato aikin zakara: a kawo zakaran Turawa ƙauye, a ce a yanka ko a sayar da zakarun gida, don duk ɗiyan da za a ƙyanƙyashe su zama ruwa biyu. Niyyar mai kyau ce, a samu kaza mai girma da yawan ƙwai. Sai dai abin da ya biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Baƙon zakara bai saba da tonon juji ba, bai san shaho ba, bai iya faɗa da zakaran maƙwabta ba, annoba kuma in ta zo da shi take farawa. Mata da yawa sun ɓoye nasu zakarun, kuma gara da suka yi hakan. Bayan 'yan shekaru jinin baƙon ya narke, kazar gida ta ci gaba da harkarta.

A can Amurka kuwa abin bai tsaya ba. A 1948 aka kammala wata babbar gasa ta neman kazar da ta fi saurin tara nama. Daga irin wannan aiki aka samu kazar gidan gona ta yau, mai kai kilo biyu cikin sati shida. Kaji suka rabu gida biyu, masu nama daban, masu ƙwai daban, kuma kakannin kusan dukkansu suna hannun kamfanoni 'yan ƙalilan a duniya. An cire musu ɗabi'ar kwanci da gangan, tunda kazar da ta kwanta ta daina ƙwai. Mai kiwonsu ba ya da iri a hannunsa, duk zagaye sai ya koma ya sayi sabbin 'yan tsaki.

Su kansu Turawan sun farga da abin da suka yi asara. A Ingila an lissafa irin dabbobin gida 26 da suka ɓace tsakanin 1900 da 1973, shi ya sa a 1973 suka kafa ƙungiyar ceton irin da suka rage. Amurkawa suka kafa tasu a 1977. Yau akwai mutane a can da ke kashe kuɗi suna kiwon tsoffin irin kajin kakanninsu a bayan gida, suna rubuta asalin kowane zakara. Kazar Fayum ta Masar, ƙarama kamar tamu, tun shekarun 1940 aka kai ta wata jami'a a jihar Ayowa don a binciki juriyarta ga cuta. A 2007 ƙasashe 109 suka taru a Intalaken ta Suwizalan ƙarƙashin hukumar FAO, suka amince da tsarin kare irin dabbobin gida na duniya. Abin da wasu ke nema da fitila, mu yana yawo ƙarƙashin rumbunmu.

Cuta ita ce babbar maƙiyiyar kazarmu, kuma tana da nata tarihin. Annobar da ke zuwa da sanyin hunturu, kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, a wayi gari akurki ya zama kufai, likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil, sunan garin Ingila da aka gane ta a 1926, shekarar da aka gan ta a tsibirin Jaba na Indonesiya. Ba ta da magani in ta kama, rigakafi kawai gare ta. Sai kuma murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya. Aka kashe tsuntsaye a yankin, kasuwar kaji ta faɗi, mutane suka ƙaurace wa naman kaza na wani lokaci. Waɗanda suka fi jin jiki su ne matan karkara da asusunsu ke tafiya da ƙafa biyu.

To ina muke yau? Cikin 'yan shekarun nan wasu sabbin kaji sun shigo mana, galibi ta kan iyakar kudu: Noiler da ake kira maja, da manyan kaji irin su Brahma da matasa ke nunawa a Facebook da WhatsApp. Waɗannan sun bambanta da zakarun operasiyon kok. Ba gwamnati ke raba su ba, mu ke saye da kuɗinmu, kuma sun fi na da jure yawon tsakar gida. Ba mu ce kiwonsu laifi ne ba. Matashin da ya zuba maja ɗari ya sayar da salla ya samu jari, Allah ya ƙara albarka. Inda matsalar take shi ne sakin zakaran maja cikin kajin gida. Zakara bai san katanga ba, guda ɗaya ya isa ya bi kajin unguwa. Ɗiyan farko sukan fito manya, kowa ya yi murna. A zagaye na biyu da na uku sai jini ya rarrabu, wasu manya wasu ƙanana, cin abinci ya ƙaru, kuma a fara samun kajin da ke zuba ƙwai ba su kwanci. Wannan karon babu wanda ke ɓoye zakarun gida, mu da kanmu muke rige-rigen kai su kasuwa.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana rage ƙarfin irin. In buƙata ta taso ko baƙo ya zo, zakaran da ya fi girma muke kamawa, don shi ya fi kuɗi, shi ya fi fita kunya. Wanda ya rage, ƙanƙane mara ƙarfi, shi ke zama uban garke. Manomin da ya san aikinsa ba ya cinye zangarniyar da ta fi kyau, ita yake ratayewa don iri. Kaza ma haka take so.

Ga mai son riƙe irin kazar gida a gidansa, abin da tarihin nan ya koyar ba ya da tsada. A zaɓi uwa daga kazar da ta ƙyanƙyashe mafi yawan ƙwanta kuma ta raya ɗiyanta, a bar sagarunta. A ware zakaran da ya fi 'yan uwansa saurin girma da kuzari tun yana ƙarami, a ɗaura masa zare a ƙafa, kowa a gidan ya san wannan ba na yanka ba ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar goma. Bayan shekara ɗaya ko biyu a musanya shi da na wani ƙauye, don kada ya riƙa bin ɗiyansa jini ya yi rauni. Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta a keɓe ta sati biyu kafin ta shiga cikin sauran, domin sau da yawa daga kasuwa annoba ke biyo mu gida. Mai maja ya tsare zakarunsa cikin keji, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne.

Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce sati ɗaya zuwa kwana goma da yin sa, a ajiye shi a inuwa mai sanyi, kuma kada a tara mata fiye da abin da fikafikanta za su rufe. Mafi yawan asara cikin satuttukan farko take, saboda haka a kife uwa da 'yan tsakinta cikin babban kwando ko ɗan shinge na sati huɗu zuwa shida, a ba su tsaki da dusa da gara da ruwa mai tsabta cikin kasko mara zurfi. Kaza mai ɗiya ita ke tsoron shirwa, mu taya ta tsaro. A riƙa share akurki, a zuba toka, a toshe tsagar bango inda kaska ke ɓuya da rana ta fito da dare.

Sai rigakafin Niyukasil, wanda ya fi komai. Akwai na allura, akwai kuma na ɗigawa a ido mai suna I-2, wanda masana a Ostareliya suka samar musamman don kajin ƙauye saboda ya fi jure zafi. Na ido ana maimaita shi duk wata huɗu. A yi shi kafin sanyi ya shigo, ga kaji masu lafiya, kuma unguwa ta haɗu ta yi rana ɗaya, tunda kwalba ɗaya ta ishi gidaje da yawa. Ma'aikatan kiwo na kwamin da masu taimaka musu a ƙauyuka sun san inda ake samunsa. Kuɗin rigakafin garke duka bai kai kuɗin zakara ɗaya ba.

Muna kuma kira ga jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Tawa, da cibiyar INRAN, da ma'aikatar kiwo: abin da aka yi wa jar akuya a 1963 kolonto da durgu da mai wuya tsirara sun cancanci irinsa. A tattara su, a auna su, a zaɓi nagari, a mayar wa mata zakarun gida da aka tace maimakon baƙi. Porje-porjen da ke raba kaji ga mata su riƙa tambaya tukuna: wannan kazar za ta kwanta a kan ƙwanta?

Kafin nan, tashar kazar gida tana nan inda take tun zamanin Ibn Baɗuɗa, a tsakar gida, a hannun inna da iya da gwaggo. Ku tambaye su sunayen kajin da suka sani suna yara, da waɗanda suka daina gani yanzu. Ku rubuto mana sunan da garinku a ƙasan wannan rubutu, in da hoto ku haɗa, mu ga irin da suka rage a kowace jiha. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, ya tsare mana shi daga annoba.